Iskar da Manase Ba Ya Kiran Sunanta

A tsibirinmu iska huɗu ce, kowace da sunanta, kuma yaro tun bai iya ɗaura zane ba ya haddace su. Manase, ɗan kawuna, guda uku kawai yake kira. Ta huɗun, wadda ke tasowa daga kudu maso gabas ta shafe wata bakwai tana dukanmu har itatuwan kwakwa su koyi sunkuyo, ita ce Sager, kuma shekara kusan arba'in ba mahalukin da ya ji wannan kalma daga bakinsa. In ta taso sai ya dubi teku ya ce waccan ta iso. In ta lafa ya ce waccan ta gaji.

Mu kuwa ba mu bar shi ya huta ba. Da safe in yana ɗinkin koma a bakin gaɓa, sai wani ya tsaya da fuskar mutumin kirki ya tambaye shi wace iska ce yau. Ya ce irin ta jiya. To ta jiyan fa? Sai ya ce, “Je ka tambayi jiya, na gan ta a bayan gidanku.” An gwada shi da waƙa, an gwada shi yana tsakiyar barcin rana, an gwada shi ranar da ruwan kwakwar da ya kwana uku ya hau masa kai har yana gaida tukunya. Ko sau ɗaya bai zame ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. An haifi wani yaro a farkon wannan iska, uwarsa ta sa masa sunanta. Yaron shi ne wan Dorika, Dorika kuwa matar Manase ce. A wurinmu duk wanda ya auri mace, sunayen 'yan'uwanta sun rufe a bakinsa, haka ma sunan mijin 'yar'uwarsa. Imi zai ce, wato suruki, shi ke nan. In sunan ya zo ɗaya da na wani abu, abin ma ya yi asarar sunansa. Akwai wanda ya auri ƙanwar wani mai sunan kunkurun teku, ya ƙare rayuwarsa yana cin “mai ƙoƙo a baya”. Wanda baki ya kuɓuce masa kuma, sai ya ɗauki abu mai daraja a cikin kayansa ya kai wa dangin matar, ya wanke kunyar da shi.

Manase dogo ne, ƙafarsa kamar filafilin tuƙi, in ya taka yashi ƙaguwa kan yi gida a sawunsa har da ɗakin baƙi. Amma abin da aka fi saninsa da shi yatsu biyu ne na hannun dama, manuni da na tsakiya, waɗanda suka karkace baya kamar sun yi fushi da sauran. In ya nuna maka hanyar tsibirin Waiben da hannun nan kuma ka bi, a ƙasar Niugini za ka kwana. Wanda ya tambaye shi abin da ya same su, amsar ɗaya ce: yaƙi. Daga nan sai ya koma kan komarsa.

Kafin yaƙin, shi mai nutso ne a jirgin neman ƙumbar lu'ulu'u. A sa masa ƙatuwar hular ƙarfe da takalman dalma, a zura shi ƙasa, ransa yana rataye a igiya ɗaya, igiyar kuma tana hannun Sager. Shekara shida suna haka. Sager gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya magana sai in ta kama dole, kuma Allah ya tara masa ƙarfinsa duka a tafin hannu. Ana cewa ya taɓa ɓamɓare bakin wata ƙatuwar ƙumba da ta kama ƙafar wani mai su, da hannu zalla. Lokacin da abin ya faru girmanta bai wuce kwanon wanki ba. Yanzu da labarin ya tsufa ta kai rufin coci.

Da yaƙi ya iso mana, soja suka karɓi jiragen ƙumba duka, suka haɗa da mazan da suka san kan ruwan. Jirginsu Manase aka cika shi da durom na fetur da akwatunan harsashi, aka ce a kai wa dakarun da ke gaɓar Niugini. Su shida ne a ciki: wani Bature saje, samari biyu daga tsibiran gabas, Sager, Manase a kan sandar tuƙi, sai Pilemon mijin yayar Manase. Wannan tafiya a shekarar alif ɗari tara da arba'in da uku aka yi ta. Bayan kwana tara ƙaramin kwalekwalen jirgin ya dawo da mutum biyar, leɓunansu a tsattsage, sajen yana kwance ba ya gane kowa. Babu jirgi, babu Sager.

Abin da tsibiri ya sani daga bakin Pilemon ya fito, shi kuwa Pilemon mutum ne da ba a bar shi a baya ba wajen ƙara wa miya gishiri. A bikin farko jirgin saman Japanawa ɗaya ne ya far musu. Bayan shekara biyar sun zama huɗu. Kafin ya mutu, da ƙiba da jikoki ashirin, jirage goma sha biyu ne, kuma ya kakkaɓo ɗaya da gwangwanin kifi. In an matsa masa ya faɗi yadda Sager ya ƙare, sai ya ce wuta ta kama, shi ya ɗauko saje ya faɗa kwalekwale, saje ya danne shi, da ya ɗago kai ba komai a teku sai hayaƙi. A wannan gaɓar kaɗai bai taɓa ƙari ba. Samarin gabas sun koma gidajensu, saje ya cika a asibiti bai rubuta ko harafi ba, takardar da ta zo wa uwar Sager kuma layi ɗaya ce: ba a san inda ya yi ba.

Mutum ɗaya ya gani da idonsa, Manase. Shi kuwa shekara guda da ƙarewar yaƙi ya aika dattawa gidan su Dorika, aka ɗaura aure, sunan ya rufe. Masu dogon harshe, kuma ban cire kaina ba, suka ce Manase ya fi kowa wayo a tsibirin: wasu kan gina gida su ɓuya, shi aure ya yi. Wa zai tsare mutum ya ba da labarin wanda ba shi da ikon kiran sunansa? In zancen ya taso a wurin biki, sai ya tashi ya je duba ramin gashi, ko da naman ayun ya daɗe da nuna.

Haka ya yi zamansa. Ya koma nutso har kasuwar ƙumba ta mutu, ya yi kamun jatan lande, ya haifi 'ya'ya bakwai, ya zama mai buga ƙararrawar coci, yana buga ta kamar wadda ta ci masa mutunci. Da tsufa ya zo ya mallaki kwalekwalen alminiyam mai inji, wanda yake wankewa da ruwan daɗi alhali shi kansa da na gishiri yake wanka. Ɗansa na fari ya taɓa roƙon aronsa. Manase ya ce ya je ya yi iyo, lafiya ce ga ƙashi.

Dorika ba ta taɓa tambayarsa ba. Abin da ta yi shi ne, bayan rasuwar uwarta, ta sa aka kawo dutsen kabarin wanta daga kudu, fari, ba rubutu a kai, aka kwantar da shi a ƙarƙashin gidansu tsakanin ginshiƙai. Kowa ya san makoki ba ya ƙarewa sai an kafa wa mamaci dutse, an naɗe shi da yadudduka, surukai sun zo sun buɗe, an ci an yi rawa. Dattawa sun ce mata ba laifi a kafa a kan ƙasar da ba gawa, ba shi ne na farko da teku ta riƙe ba. Ta ce ta ji. Amma ba za ta sa a sassaƙa komai ba muddin takarda na cewa ba a san inda wanta ya yi ba, kamar akuyar da ta tsinke igiya. Shekara goma sha ɗaya dutsen yana nan, kaji suna yin ƙwai a kansa. Ana cikin haka yanar ido ta fara rufe mata gani. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura, daga baya sai ta gaida itacen gwanda da sunan limamin coci. Ma'aikaciyar jinya ta ce in an yi sa'a saura mata shekara ɗaya tana rarrabe baƙi da fari. Manase ya ji wannan magana yana tsaye a bakin ƙofa, ya juya ya tafi ya wanke kwalekwalen da ya riga ya wanke da safe.

A wannan shekarar ce wata Baturiya, Misis Haloran, ta sauka daga jirgin kaya da rakoda a jaka. Wani ofis ne a kudu ya aiko ta ta bi tsibirai tana ɗaukar shaidar tsofaffin da suka yi yaƙi, don a gyara abin da takardu suka tsallake. Siririya ce, rana ta ƙona mata hanci har yana saɓa, kuma tana da haƙuri irin na mai jiran kifi. Ta bayyana wa Dorika cewa in akwai wanda ya gani da ido, ya rantse ya faɗa, za a canja layin nan, a sa sunan a jerin waɗanda suka ba da ransu, har a aiko da tambarin tagulla na mannawa a dutse. Dorika ta wanke wa mijinta farar rigarsa ta zuwa coci ranar Talata, ta rataye ta inda zai yi karo da ita.

Ya zauna gaban rakodar a ƙarƙashin itacen almon, ya dafa Littafi Mai Tsarki, ya yi magana da Turancinmu na tsibiri na tsawon abin da shayi zai huce. Ya ce waccan tana kaɗawa da ƙarfi. Ya ce jirgin sama ya zo ya yi harbi, wuta ta kama. Imi ya ɗauko saje ya sauka. Imi ya tsaya. Imi ya tuƙa kwalekwale kwana uku. Imi bai dawo ba. Misis Haloran ta rubuta, ta yi godiya, ta tafi da murna, mu kuma da muke zaune a gefe ba wanda ya ga abin gyara, don mu mun fahimta sarai.

Bayan wata huɗu wasiƙa ta zo. An duba rajista tun daga farko har ƙarshe, babu ma'aikacin jirgi mai suna Imi. Kuma ofis na neman ƙarin haske a kan yadda wannan Imi ya sauka ya kuma tsaya, ya mutu ranar Litinin, sannan ya yi tuƙi har Alhamis. Malamin makaranta ya rubuta musu cewa imi ba suna ba ne, suruki ake nufi. Amsa ta dawo: wane surukin, tunda biyu ne a jirgin? Jikokin Pilemon suka fara tafiya da ƙirji a gaba, suna cewa tambarin kakansu yana hanya. Aka yi dariya a tsibiri har karnuka suka taya. Mutum biyu ne ba su yi ba, Manase da Dorika. A lokacin Dorika ta daina ganin matakalar gidanta, sai ta lalube ta da ƙafa.

Misis Haloran ta dawo da kanta, kuma ta zo da dabara, don a wannan karon ta yi tambaya ta san al'adar. Ta ce ba ta so ta sa dattijo ya karya abin da ya riƙe shekara da shekaru. Ita za ta karanta sunan daga rajista, shi kuwa ya ce e, shi ne. Ofis ya yarda da hakan. Manase ya saki ajiyar zuciya da ta kusa kashe mana wutar shayi. Aka sake zama a ƙarƙashin itacen almon, da shi, da ita, da Dorika a kan tabarma tana tsinke ganyen rogo da lalube, da mu 'yan kallo da ba a gayyata ba. Waccan kuwa tana kaɗawa har sai da aka danne takardu da dutse.

Ta danna rakoda, ya dafa Littafi, ta buɗe rajista ta karanta. Sai dai magatakardan da ya rubuta sunan shekara arba'in baya da kunnen Bature ya ji shi, ita kuma da harshen Baturiya ta karanta. Abin da ya fito bai yi kama da iska ba, bai yi kama da mutum ba. Ya fi kusa da sunan maganin tari.

“Seija,” in ji ta. “Shi ne wanda ya tsaya a jirgin?”

Manase ya dubi hannunsa a kan Littafi. E ɗaya ce tsakaninsa da tashi. Ya ce, “Misis, ban san wannan mutumin ba.”

Ta sake gwadawa, ta ce Saga. Ya girgiza kai. Ta ce Sajiya. Ya ce wannan kam ko a Niugini bai taɓa haɗuwa da shi ba. Ta juyo wajenmu tana neman agaji, kuma a cikinmu ba wanda sunan ba ya kan harshensa. Ni kaina na riga na ja numfashi. Sai Dorika ta ɗago kai. Idon nan da ba ya ganin matakala ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya haɗiye abin da ke bakinsa. Baturiyar ta roƙe ta ita ta faɗa, tunda wanta ne. Dorika ta ci gaba da tsinke ganye.

“Ni ban je ba,” ta ce. “Wanda ya je ya faɗa.”

Manase ya ce mata a hankali, da harshenmu, ta san abin da take nema ya yi kuwa? Ta ce ta sani. Ya ce a gaban mutane? Ta ajiye kwanon.

“Tsoho, kunyar da kake yi wa wana na gode, ta isa haka. Shekara arba'in ina kwana da mutumin da ya ga ƙarshensa, amma labarin a bakin Pilemon nake ji. In kunya ce, akwai abin wanke ta. In wani abu ne kake ɓoyewa a bayanta, fito da shi tun ina ganin inuwarka.”

Kaset yana ta juyawa a banza. Manase ya ɗauke hannu daga Littafi, ya miƙe tsaye, muka ce shi ke nan, ya tafi duba ramin gashi. Amma sai ya juya ya fuskanci teku, ya kafa ƙafafun nan nasa, ya sa tafuka a gefen baki yadda ake kiran jirgin da ya yi nisa.

“Sageeer!”

Allurar rakoda ta buga gefe. Tsuntsaye suka watse daga kan almon. Muryar tsoho ce, ta karye a tsakiya, amma sunan ya fita daidai, yadda uwarsa ta sa masa. Ya tsaya kaɗan kamar mai jiran amsa, sannan ya dawo ya zauna ya mayar da hannu kan Littafi. Ya ce haka ya kira shi ran nan, har muryarsa ta ƙare, bai waiwayo ba. Ya ce wa Misis ta rubuta, sau ɗaya zai faɗa.

Jirgin sama ɗaya ne, in ji shi, irin mai sauka a kan ruwa. Ya zo da hantsi daga wajen rana, ya yi wucewa biyu, a ta biyun wuta ta kama a gaba inda durom suke. Aka jefa kwalekwale, Pilemon ya sauka da saje, samarin gabas suka bi. Amma kwalekwalen yana ƙarƙashin iska, jirginsu kuma yana gangarowa kansa da wutarsa. In an saki sandar tuƙi, jirgin zai juya ya hau su, fetur ya gama da kowa. Dole wani ya riƙe ta, ya ba filafilin yadi iska, ya janye jirgin nesa. Shi Manase ke kan sandar. Aikinsa ne, ba na wani ba. Yana riƙe da ita sai ya ji mutum a bayansa, bai ce masa komai ba, dama ba mai magana ba ne. Abu na gaba da ya sani, yana cikin ruwa, samarin suna jawo shi da gashi. Da ya ɗaga kai, igiyar kwalekwale an yanke ta daga sama, filafili ya cika, jirgin yana gudu kamar ranar tsere, wuta a gaba, mutum ɗaya a baya yana tsaye da hannu biyu a kan sanda. Ya kai nisan da za a iya rufe shi da babban yatsa kafin ya fashe.

Da ya kai nan, Baturiyar ta miƙa hannu za ta kashe rakoda, ya ce ta dakata, saura abu ɗaya, ba na ofis ba ne amma a bar shi a ciki. Ya ce abin da bai sani ba, kuma ya kwana da shi ya tashi da shi tun ran nan, shi ne ko ƙwace sandar aka yi daga hannunsa, ko kuwa da ya ji an zo karɓa sai ya saki. Tsakanin sanda da ruwa ba ya tuna komai. In sakinta ya yi, to wurinsa wani ya mutu, kuma ƙanwar wannan wanin ce take dafa masa abinci.

Dorika ta matso a kan tabarma ta ce ya ba ta hannunsa. Ya miƙa na hagu. Ta buge shi ta ce ɗayan. Ta kama yatsun nan biyu da muka shekara arba'in muna yi wa dariya, ta bi su da nata gaɓa-gaɓa kamar mai zaɓen rogo a kasuwa, ta tambaye shi yaushe suka karye. Ya ce bai sani ba, a kwalekwale ya gan su a kumbure, ya ɗauka faɗuwa ce. Ta ce ta ga mutanen da suka faɗa ruwa sun fi ɗari, ba ta ga wanda ruwa ya lanƙwasa wa yatsu baya ba.

“Wannan aikin wana ne,” ta ce. “Na san hannunsa, haka yake buɗe ƙumba in ta ƙi. Wadda ta buɗe da kanta ba a fasa mata baki.” Ta sake shi ta jawo kwanonta. “Da ka tambaye ni tun a daren aure, da ka huta.”

Manase ya zauna yana kallon yatsunsa kamar yau aka ba shi su. Misis Haloran ta kashe rakoda, ta fyace ƙonannen hancinta, ta roƙi malamin makaranta ya rubuta mata sunan harafi-harafi.

Saura wanke kunya. Washegari da hantsi aka ga Manase da 'ya'yansa maza suna jan kwalekwalen alminiyam a kan yashi, da injinsa da tankinsa da angarsa, suka bi tsakiyar gari da shi har ƙofar gidan da ya fito. A dangin Sager ba wanda ya rage kusa sai Dorika. Ya tsaya a ƙasan matakala, kansa a sunkuye, ya ce ya yi kuskuren baki a kan imi, ga abin da ya kawo. Ta sauko, ta shafa jikin kwalekwalen daga goshi har baya, ta ce akwai lotsawa a gefen hagu amma ta karɓa. Ɗansa na fari, wanda aka taɓa tura shi iyo, tun a wurin ya nemi aro daga uwarsa, aka ba shi.

Takarda ta zo bayan wata biyar, da tambarin tagulla a cikin akwati. Jikokin Pilemon suka ce dama su ba su taɓa cewa komai ba. Aka kori kaji, aka ciro dutse, Dorika ta ce wa mai sassaƙa kowane harafi ya kai tafin hannu, ya ce dutsen ba zai ɗauka ba, ta ce to ya rage ayar Littafin, kada ya rage sunan. Aka kafa shi a maƙabarta kusa da na uwarsu, yana kallon teku. Yadudduka da aka naɗa masa, in an ɗinka su sun isa filafilin jirgi goma. An gasa ayu biyu da kunkuru shida a rami, da rogo da dankali da ayaba cikin madarar kwakwa, mutane suka zo daga tsibirai biyar har tsibirinmu ya ɗan nutse ta gefen gabas.

Buɗe dutse aikin surukai ne, babban suruki kuwa Manase. Ya yi ta warware yadi bayan yadi da karkatattun yatsunsa, iska tana fizge kowanne daga hannunsa, mata suna bi suna kamawa. Da na ƙarshe ya faɗi, limami ya miƙa masa takardar abin da aka sassaƙa, wai ko zai karanta wa jama'a tunda yanzu bakinsa ya buɗe. Manase ya ce kwalekwale ɗaya gare shi kuma ya riga ya tafi. Limami ya karanta da kansa. Aka kawo Dorika gaban dutsen, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa shi. Ta ce ta ga harafin farko. Sauran huɗun da hannu ta karanta su, sau biyu, sannan ta ce a fara kiɗa.

Bai sake kiran sunan ba har ya koma ga Allah, kuma mu ma mun daina tambayarsa wace iska ce, abin ya daina daɗi. Mutum ɗaya ce ta ci gaba, Dorika. Kullum da safe zai zo ya tsaya a ƙasan matakala da ƙugiyoyinsa, ya roƙi aron kwalekwale. Ita kuma tana zaune a sama, ba ta ganin komai sai haske, za ta ɗaga fuska ta ji yadda ake kaɗawa, ta tambaye shi wace ce yau. Ya ce waccan ce. Ta ce to ya je, amma ya wanke mata shi da ruwan daɗi in ya dawo.